Malaman Yahudawa da ƙwallo: abin da nake gani a makarantar da nake gadi

Abban Walid:
Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya na ga ana ta kai ruwa rana a nan kan malamin da ya zane yara don sun tsallake Islamiyya sun tafi gidan kallo, shine nace bari in kawo muku abin da idona ke gani kullum. Shekara huɗu kenan ina aikin gadi a wata makarantar addini ta Yahudawa a Buruklin cikin birnin New York, su yeshiva suke ce mata, yara maza ne zalla daga ƴan shekara goma sha uku zuwa sha takwas, kuma wallahi karatu suke ba wasa ba, tun wajen bakwai da rabi na safe manyan cikinsu sai dare suke tashi, bibbiyu suke zama ga littafi buɗe suna ta musu da ƙarfi kamar faɗa alhali bita ce.

Toh da an buga ƙararrawar hutu sai kaga sun yo waje da gudu zuwa filin ƙwallon kwando na bayan ginin, farar riga baƙin wando, ƴar hular nan tasu an maƙale ta da filin a gashi kar ta faɗi, zaren nan fari da ke lilo a ƙugunsu yana ta kaɗawa. Akwai malami ɗaya, rebbe suke kiran malamin aji, gemunsa har ƙirji, shi sai ya tuɓe kwat ya rataye a jikin waya ya naɗe hannun riga ya shiga cikinsu, kuma ba raga masa suke ba, ture shi suke yana ture su. Amma wannan mutumin dai da idona na ga ya karɓe hular Yankees, ƙungiyar besbol ta New York, a hannun wani yaro a bakin ƙofa ya sa a aljihu yace in an tashi ya zo ya karɓa. Abin ya ɗaure min kai sai da na tambaye shi, yace min wanda ke bugawa jikinsa yake ginawa ya dawo aji da kai a sake, wanda ke bin ƙungiya kuma zuciyarsa ya bayar aro. Tun ranar maganar take min yawo a kai. Me kuka gani?

Na Gidan Kallo:
Hmm Abban Walid wannan ai da mu yake, mu masu gidan kallo. Amma gaskiya ban gane ba, ta ya za ka ce yaro ya buga amma kar ya kalla? ai a kallon ake koyon bugun.

Ɗalibin Tarihi:
Yaya Abban Walid sannu da ƙoƙari. Abin da malamin ya faɗa maka ba daga kansa ya ƙago ba, tsohon zance ne a wurinsu. A Talmud, babban kundin fiƙihunsu, an hana zuwa filayen wasa na Rumawa, suka kira wurin mazaunin masu izgili, lafazin daga farkon Zabura suka ɗauko shi. Kuma ku tuna filin wasa na wancan zamanin wuri ne da ake haɗa mutum da mutum ko mutum da zaki har sai rai ya fita, ga gumaka ta ko'ina. Duk da haka an samu malami ɗaya Rabbi Natan da ya halatta zuwa saboda dalili biyu, ɗaya kana iya ɗaga murya ka roƙa a bar wanda aka kayar da ransa, biyu in Bayahude ne aka kashe kana iya ba da shaida matarsa ta samu damar yin wani auren. Kun ga ko sassaucin ma ba don daɗin kallo aka yi shi ba.

Kuma ƙin ya girmi Rumawa. Wajen shekara 175 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin sarkin Girkawa Antiyokus na huɗu, wani babban limami mai suna Jason ya gina gidan motsa jiki irin na Girkawa a Ƙudus, ana wasa tsirara, har limamai suna barin hidimar ɗakin ibada suna rugawa wurin kokawa. Yana cikin abubuwan da suka tunzura tawayen Makabiyawa, Yahudawan da suka yaƙi mulkin Girkawa. Don haka a ƙwaƙwalwar malamansu filin wasa ƙofa ce da al'adar wasu ke shigowa ta cinye tasu.

Koci:
Tsaya malam, Makabiyawa kace? Maccabi Haifa da Yakubu Aiyegbeni ya buga wa har ya ci Olympiacos uku shi kaɗai a Champions League a 2002, sunan daga nan yake?

Ɗalibin Tarihi:
Daga nan yake Koci. Mutanen da suka yaƙi gidan motsa jiki su aka ɗauki sunansu aka sa wa ƙungiyoyin wasa. Wannan ya biyo bayan kiran da Max Nordau ya yi a taron ƴan Sahayoniyya na birnin Basel a 1898 cewa Yahudawa su gina jiki su daina zama raunana, kuma shi ba malamin addini ba ne, likita ne marubuci. Gasar Maccabiah ta farko, wato gasar wasannin Yahudawan duniya, a Tel Aviv aka yi ta a 1932. Shi ya sa da yawa daga malaman gargajiya suka ƙara tsanar harkar, don waɗanda suka rungume ta galibi mutanen da suka saki addini ne.

Abu Mus'ab:
Ni fa ban ga dalilin da za mu zauna muna nazarin Yahudawa ba alhali muna ganin abin da ake yi wa ƴan uwanmu a Gaza.

Admin:
Abu Mus'ab zafin da kake ji duk muna jin sa, Allah ya kawo wa Falasɗinawa ɗauki. Amma zancen nan na malami da ɗalibi ne da tarbiyya, kuma sanin yadda wasu ke tafiyar da makarantunsu ba goyon bayan gwamnatin kowa ba ne. A ci gaba cikin ladabi don Allah.

Malamin Islamiyya:
Ni shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, kuma abin da ya fi taɓa ni a labarin nan tuɓe kwat ɗin da malamin ya yi. Ban taɓa yi ba, kuma ina jin nauyin yi, a tarbiyyar da muka taso malami ba ya gudu gaban ɗalibansa. Tambayata Abban Walid, bayan sun ture shi a fili in an koma aji girmansa bai zube ba?

Abban Walid:
Allah gafarta malam ko kaɗan. In ya shigo aji tsaye suke miƙewa gaba ɗaya, ina gani ta taga. Kuma abin da na lura yaran da karatun ke ba wuya, waɗanda kullum ake korowa waje su tsaya kusa da teburina, su suka fi manne masa. Akwai wani dogo siriri da a shekarar farko kusan kullum yana zaune wurina yana cika yana batsewa, littafin ya gagare shi, amma a fili ba mai tare shi. Malamin nan ya mai da shi mai raba ƴan wasa da riƙe makullin akwatin ƙwallaye, sharaɗin kawai ya iso addu'ar safe kan lokaci. Na ga yaron nan yana haki da sassafe cikin dusar ƙanƙara don kar makullin ya kuɓuce masa. Bana zai gama, kuma yanzu ba ya zuwa teburina sai dai gaisuwa.

Amma kar in ɓoye muku ba duk malaman ke haka ba. Akwai wani dattijo a cikinsu da in ya ratsa ta filin ko kallo ba ya yi, kuma in hutu ya wuce da minti biyu zai fito yana tafa hannu yana cewa bitul Tora, bitul Tora, wato ana tozarta lokacin karatun Attaura. Kalmar nan na haddace ta don yawan jin ta.

Ɗalibin Tarihi:
Wannan kalmar ita ce ƙashin bayan muhawarar gaba ɗaya. A wurinsu namiji duk lokacin da ba ya cikin wata larura to na karatu ne, sai tambaya ta zama shin wasa larura ne ko ɓata lokaci. Masu cewa larura ne suna kafa hujja da Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu a Masar a 1204, malami ne kuma likita a fadar Salahuddin, da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa. Ya rubuta cewa kiyaye lafiyar jiki yana cikin hanyoyin bauta domin mara lafiya ba ya iya sanin Ubangiji yadda ya kamata, kuma ya ƙarfafa motsa jiki sosai. Sannan a Talmud ɗin dai cikin haƙƙoƙin ɗa a kan uba an lissafa koya masa Attaura da yi masa aure da koya masa sana'a, wasu suka ƙara da koya masa iyo.

A zamanin nan kuma Rabbi Moshe Feinstein na New York wanda ya rasu a 1986, kusan shi ne babban mai fatawarsu a Amurka a lokacinsa, an tambaye shi ko mutum zai iya cin abinci da buga ƙwallo duk da ana iya jin rauni, yace ya halatta tunda haɗarin kaɗan ne kuma neman abinci ne. Amma shi ɗin dai ya hana zuwa filin wasa kallo. Kun ga daidai da rebben Abban Walid.

Malamin Islamiyya:
Maganar iyo ta tuna min abin da ake jingina wa Sayyidina Umar na koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Muna karantar da shi a baki amma ban san Islamiyya ɗaya a unguwarmu da ke da ko fili ba.

Na Gidan Kallo:
Toh ni dai har yanzu ban gamsu ba. Hana kallo a zamanin waya? yaron da ka karɓe wa hula sakamakon wasan yana aljihun abokinsa. Ni a ganina wanda ya hana ya koya wa yaro ɓoye-ɓoye ne kawai.

Abban Walid:
Wayar ma an hana a makarantar, amma maganarka akwai gaskiya ciki don ni suke tambaya. Da safe in Knicks, ƙungiyar ƙwallon kwando ta New York, sun yi wasa sai ka ga yaro ya rage murya yana cewa nawa aka tashi jiya. Da farko ina faɗa musu, daga baya na je na tambayi shugaban makarantar don kar in ci amanar aiki, yace in an tambaye ni in faɗa a taƙaice kar dai in nuna bidiyo. Kaga shi ma ya san abin yana nan, ya zaɓi ya bar ƴar ƙofa ne.

Hajiya Ummu Hanan:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni ina Baltimo kuma nan labarin Tamir Goodman sananne ne. Yaro ne ɗan makarantar addini ta Talmudical Academy, yana cin maki sama da 35 a wasa, mujallar Sports Illustrated ta yi labarinsa a 1999 ana ce masa Michael Jordan na Yahudawa, ƴan jarida suka cika makarantar. Malaman suka ga hayaniyar ta fi ƙarfin abin da aka gina makarantar dominsa, ƙarshe shekararsa ta ƙarshe a makarantar Kiristoci ƴan Adventist ya yi ta, su ma Asabar suke hutawa. Jami'ar Maryland ta yi masa tayin gurbi kyauta amma abin ya watse tunda ba zai buga daren Juma'a da yinin Asabar ba, ya koma jami'ar Towson, daga baya ya tafi Isra'ila ya buga. Ni abin da ke damuna a labarin, yaron bai saki addininsa ba ko sau ɗaya, ya bar babbar dama saboda shi, amma makarantar addinin ce ta kasa riƙe shi. Wannan ya yi min ciwo a matsayina na uwa.

Malamin Islamiyya:
Hajiya ni kuma ina fahimtar malaman. In kana da ɗalibai ɗari uku ka ga duk sun daina ganin girman wanda ya fi karatu sun koma ganin girman wanda ya fi jefa ƙwallo, kai ma hankalinka zai tashi. Ba yaron suke ƙi ba, sikelin da ake auna daraja da shi suke tsoron ya juye.

Hajiya Ummu Hanan:
Na ji malam, amma yaron guda shi ma amana ne a hannunsu.

Koci:
Wai Asabar ɗin nan me ya sa take da tsanani haka? ƙwallo ai ba aiki ba ne.

Ɗalibin Tarihi:
Koci ka tuna ƙissar mutanen Asabar da kifi a suratul A'araf, ranar tana da nauyi sosai a shari'arsu. Tana farawa daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa fitowar taurari ran Asabar, nau'in aiki 39 aka hana, ba shiga mota, ba kunna wuta ko kashewa, ba ɗaukar kaya a titi sai an kewaye unguwar da wata iyaka ta musamman. Ƙwallon kanta an yi saɓani, Rabbi Yosef Karo mai littafin Shulhan Aruk ya hana wasa da ita ran Asabar, Rabbi Moshe Isserles na Krakow ya yi ta'aliƙi a wurin yace akwai masu halattawa kuma mutane sun saba sassautawa. Har akwai riwaya a Talmud na Ƙudus cewa wani gari Tur Shimon an halaka shi saboda buga ƙwallo, masu sharhi suka ce ran Asabar suke bugawa. Toh gasa ta zamani kuma dole mota, dole fitilu, dole tikiti, shi ya sa ko mai sassauci ba ya yarda da ita.

Misali a 2012 makarantar Beren Academy ta Houston ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar makarantun kuɗi na jihar Texas, aka sa wasan daren Juma'a, makarantar ta shirya haƙura da gasar gaba ɗaya. Wasu iyaye da yara ne suka kai ƙara kotu, aka dawo da wasan Juma'a da rana, suka ci, suka je wasan ƙarshe bayan Asabar ta fita aka cinye su.

Abban Walid:
Kuma abin da zai ba ku sha'awa ko dattijon nan mai bitul Tora ya san sunan Sandy Koufax. Shi ne mai jefa ƙwallon besbol na Dodgers da ya ƙi buga wasan farko na gasar ƙarshe a 1965 saboda ya faɗo ranar Yom Kippur, babbar ranar azuminsu da tuba. Mutumin ba ma mai tsananin riƙo da addini ba ne amma har yau da shi ake yi wa yara misali, in shi ya iya barin wannan kai me za ka kasa bari.

Koci:
Wannan ita ce dabarar da nake so malamanmu su gane. Yaro in yana son abu ka shiga ta nan. Ni yaran da nake horarwa in lokacin la'asar ya yi na busa usur kowa ya yi alwala, ba wanda ya taɓa min musu, don sun san ni ma ina son abin da suke so.

Ɗalibin Tarihi:
Akwai ɓangarensu da suka tafi a kan haka gaba ɗaya, waɗanda ke haɗa addini da boko. Jami'ar Yeshiva a New York tana da ƙungiyar ƙwallon kwando da ta ci wasa 50 a jere kafin a tsayar da ita a Disambar 2021, da safe suna gaban malamai, ba sa buga Asabar, tauraronsu Ryan Turell da hularsa yake wasa. Kuma tun 1920 Rabbi Abraham Kook ya rubuta cewa motsa jikin da matasa ke yi don ƙarfafa al'umma yana da daraja ta ruhi har ya kwatanta shi da Zaburar da Annabi Dawud ke rerawa, malaman Ƙudus masu tsanani suka yi masa ca har suka haramta littafin. Wato rigimar da ke tsakanin rebbe mai tuɓe kwat da dattijo mai tafa hannu ta haura shekara ɗari.

Amma labarin da ya fi burge ni na Rabbi Nosson Tzvi Finkel ne. A Chicago ya tashi, ɗan makarantar je-ka-ka-dawo mai buga ƙwallon kwando da besbol kamar kowane yaron Amurka, shi ne ya zo ya shugabanci yeshivar Mir a Ƙudus daga 1990 har rasuwarsa a 2011, ta zama mai dubban ɗalibai, yana fama da ciwon karkarwa amma bai bar karantarwa ba. Malamai da yawa suna ba yara labarinsa don su nuna mai son ƙwallo yau ba a san inda zai kai ba. Tsohon samfurin ma yana Talmud, Resh Lakish ɗan fashi ne mai ƙarfin tsiya da ya taɓa sayar da kansa ga masu wasan kisa, Rabbi Yohanan ya ga yadda ya daka tsalle cikin kogin Urdun sai yace masa wannan ƙarfin naka da Attaura ya dace, ya aura masa ƴar uwarsa ya karantar da shi har ya zama abokin muhawararsa.

Hajiya Ummu Hanan:
Duk maza kuke ta lissafawa. Ƴan matan fa? Ni na san Beatie Deutsch, uwar yara biyar mai gudun fanfalaki da siket har ƙasan gwiwa da kai a rufe, ta zama zakarar Isra'ila a 2019, kuma da aka sa gudun mata na gasar Olamfik ta Tokyo ran Asabar tace ba za ta yi ba ko da ta cancanta.

Abban Walid:
Hajiya makarantar ƴan matan tana can gaba da layinmu, Bais Yaakov suke kiran irinsu, ban taɓa shiga ba tunda ba wurin aikina ba ne, amma abokin aikina da ke gadi can yace suna da wani wasan jifa da ƙwallo da suke ji da shi sosai, cikin gida suke yi ba namiji ko ɗaya a wurin. Su matsalarsu ba ta ɓata lokacin karatu ba ce kamar maza, ta sutura ce da idon maza.

Na Gidan Kallo:
Toh su malaman da suka hana shiga filin wasa, su ba sa taka ƙafa can kenan har abada?

Abban Walid:
Suna takawa amma ba don ƙwallo ba. Suna da wani tsari na karanta Talmud shafi ɗaya kullum, shafi 2,711, yana ɗaukar kusan shekara bakwai da rabi, in an sauke sai a yi taro. Na ranar 1 ga Janairun 2020 a filin MetLife na New Jersey aka yi, filin da aka zaɓa wa wasan ƙarshe na kofin duniya na 2026, mutum wajen dubu 90 cikin sanyi. Lokacin ban fara aiki nan ba amma hoton taron yana rataye a barandar makarantar, kuma dogon yaron nan ya taɓa nuna min wani ɗigo a saman hoton yace nan suka zauna da babansa, shi ne karo ɗaya tak da ya taɓa shiga babban filin wasa a rayuwarsa.

Malamin Islamiyya:
Abban Walid don Allah in ka ga malamin gobe ka tambayar min shi abu ɗaya, ranar da ya fara shiga fili da yaran shugabanninsa sun yarda ne ko sai da aka kai ruwa rana. Akwai wani kango bayan makarantarmu da mai shi ya ce mu yi amfani da shi kafin ya tashi gini, ina so in kai maganar gaban kwamiti ran Lahadi.

Abban Walid:
Gobe Juma'a da wuri suke tashi saboda Asabar, amma hutun ƙarfe goma sha ɗaya yana nan, zan tare shi a bakin waya kafin ya tuɓe kwat ɗin insha Allah.